Idan Tumatir Ya Ƙi: Jagora Ga Masu Lambun Gida Daga Kete Krachi Zuwa Bawku

A unguwannin zango na Kete Krachi da Salaga da Yendi da Bawku, gidaje da dama na da ɗan lambu a bayan ɗaki ko a gefen rijiya, inda ake shuka tumatir da attaruhu da kuɓewa don miyar gida. A shekarar da tumatir ya yi, uwar gida kan yi watanni ba ta nemi na kasuwa ba. A shekarar da ya ƙi kuwa, an yi asarar iri da taki da wahalar ban ruwa, sannan a koma saye da tsada.

Abin da akasari ake yi idan shuka ta fara lalacewa shi ne a garzaya shagon maganin ƙwari. Amma abubuwan da ke hana tumatir yi a wannan yanki iri-iri ne: zafi, da rikicewar ruwa, da cututtukan da ke cikin ƙasa, da ƙwari. Kowanne da alamarsa, kuma galibinsu feshi ba ya maganinsu. Wannan bayani ya tattaro alamomin da matakan da mai ƙaramin lambu zai iya ɗauka. An haɗa da sunayen Faransanci saboda masu karatu a Togo da Burkina Faso da Benin da Nijar, waɗanda da su za su yi tambaya a shago ko wurin malamin gona.

Yankin da yanayinsa

Fataucin goro ne ya kai Hausawa wannan ƙasa da suke kira Gwanja, kuma Salaga ce babbar kasuwarta. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai da yawa sun koma Kete Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwan tafkin Volta ya cinye tsohon garin, aka koma sabon wuri a kan tudu. A yau Kete Krachi tana cikin jihar Oti, Salaga tana Savannah, Yendi tana jihar Arewa, Bawku kuma tana Upper East, daf da iyakar Burkina Faso da Togo.

Garuruwan ba yanayinsu ɗaya ba. A Kete Krachi ruwan sama kan wuce milimita 1,200 a shekara, yana farawa tun wajen Afrilu, ga kuma laimar tafki. A Bawku bai cika wuce milimita 1,000 ba, damina gajera ce, bazara kuma mai tsanani. Saboda haka mai lambu a Krachi ya fi fama da cututtukan da laima ke kawowa, na Bawku kuma ya fi fama da zafi da ƙarancin ruwa da farin ƙuda. Salaga da Yendi suna tsakani.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda lamarin ke juyawa. A 2023 ruwan tafkin ya cika har hukumar da ke kula da madatsar Akosombo ta fara sakin ruwa a watan Satumba, garuruwan bakin tafki kuma suka ga ambaliya. A 2024 kuwa ruwa ya ɗauke na makonni a tsakiyar damina a jihohi 8, ciki har da Oti da Savannah da Arewa da Upper East, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya daga ƙasar a watan Agusta.

Fure yana zuba, ba 'ya'ya

Wannan ita ce ƙorafin da aka fi ji: shuka ta yi kore shar, ta yi fure, amma furen ya bushe ya faɗi. Mafi yawan lokaci zafi ne. Tumatir ya fi ɗaure 'ya'ya idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 zuwa 29, dare kuma da sanyi-sanyi. Idan rana ta wuce digiri 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, dare kuma bai sauko ƙasa da 21 ko 22 ba, garin furen da ke haɗa barbara yana lalacewa. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a Bawku kan kai digiri 40, a Krachi ma yana haura 35.

Babu maganin feshi da ke gyara wannan. Gyaran yana cikin lokacin shuka. Daga yafa iri zuwa dashe akan ɗauki makonni 3 zuwa 4, daga dashe zuwa fure kuma kusan wata guda. Wanda ya yafa iri a Oktoba ya dasa a Nuwamba, furensa zai faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da dare ke da sanyi. Wanda ya bari sai Fabrairu ya dasa, ya kai furensa bakin bazara.

Idan an riga an makara, ana iya rage ɓarnar. A kafa rumfa mai shara-shara da zana ko ganyen giginya ko tsohon gidan sauro, ta tare ranar azahar zuwa la'asar, a bar ta safe. A rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa. A kuma rage takin da ke sa ganye, kamar yuriya da ɗanyen kashin kaji, domin yawansa kan sa shuka ta yi ta ganye ta manta da 'ya'ya.

Ruwa: ƙarancinsa da yawansa

Idan gindin tumatir, wato ɓangaren da fure ya faɗi, ya yi baƙi ya lotsa kamar an ƙona shi, ba cuta ba ce mai yaɗuwa. Da Faransanci ana kiran wannan nécrose apicale, wasu su ce cul noir. Sinadarin kalsiyam ne bai isa cikin ɗan ba, kuma dalilin kusan kullum shi ne ban ruwa na yau a cika gobe a manta. Haka ma tsagewar 'ya'ya: ƙasa ta bushe, sai ruwa mai yawa ya zo lokaci ɗaya, ɓawo ya fashe.

Ƙa'idar ita ce ruwa daidai, a kan lokaci, a gindi. Da safe ya fi, kuma kada a riƙa watsa shi a kan ganye. Ciyawar da aka rufe gindi da ita tana rage yawan ruwan da ake buƙata, abin da ke da muhimmanci a wuraren da rijiya ke ja baya a watan Fabrairu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye suna da amfani. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa yana tara gishiri a ƙasa, a kai shi wani wuri.

Da damina matsalar ta juya. Tumatir ba ya son ruwa ya kwanta masa ko da na kwana biyu ne. Ɗigon ruwan sama kuma yana fantsamo ƙasa a kan ganyen ƙasa-ƙasa, daga nan tabo masu ruwan ƙasa da zobe-zobe su fara, ganye ya yi rawaya ya bushe daga ƙasa zuwa sama. Wannan ita ce alternariose da 'yan uwanta. Mai shukar damina ya yi kunya mai tudu, ya kafa wa kowace shuka sanda ya ɗaure, ya bar tazarar kamar santimita 50 zuwa 60 don iska ta ratsa, ya kuma cire ganyen da ke taɓa ƙasa. Masu lambu a bakin tafki, da na bakin kogin White Volta a yankin Bawku inda sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso kan kawo ambaliya a Agusta ko Satumba, gara su jira ruwa ya fara ja kafin dashe.

Cututtukan da ke cikin ƙasa

Akwai shukar da za a bari da yamma lafiya lau, a wayi gari ta yanƙwane alhali ganyenta kore ne kuma ƙasa da danshi. Wannan alamar cutar flétrissement bactérien ce, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Ralstonia ke haddasawa ta hanyar toshe jijiyoyin da ke kai ruwa. Ana iya tabbatarwa a gida: a yanki kara kusa da gindi, a rataya bakin yankan cikin kofin gilashi mai ruwa mai tsabta. Idan bayan 'yan mintoci aka ga wani farin abu kamar zare ko madara yana sauka, ita ce. Ba ta da magani. A tumɓuke shukar da ƙasar gindinta a fitar daga lambu, kada a zuba ta cikin taki, kada kuma a bar ruwa ya gangaro daga wurin zuwa sauran fangale.

Ta biyu ita ce tsutsar saiwa, nématodes, wadda ido ba ya gani. Shuka takan tsumbure, ta yi laushi da rana, ta farfaɗo da dare. Idan aka tumɓuke, za a ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi. Ta fi son ƙasa mai rairayi, kuma ta daɗe tana addabar manoman rani a Upper East.

Dukansu biyu suna taruwa ne a wurin da ake maimaita tumatir shekara da shekaru, kuma lambun gida ya fi kowane wuri wannan ɗabi'a saboda ƙarancin fili. Tattasai da attaruhu da gauta da yalo dangin tumatir ne, don haka sauya shi da su ba sauyi ba ne. Kuɓewa ma tsutsar saiwa na kama ta. Abin da ke hutar da ƙasa shi ne masara da dawa da albasa, na shekara 2 zuwa 3. Ruɓaɓɓen taki mai yawa yana taimakawa, haka ma tunkuzar 'ya'yan darbejiya da furen œillet d'Inde idan aka cika fangali da shi na wata 2 ko 3 kafin dashe. Zafin bazara ma ana iya mora: a jiƙa fangali, a rufe da farar leda mai shara-shara a danne gefenta, a bari makonni 4 zuwa 6 a Maris da Afrilu.

Wanda filinsa ɗaya ne tak kuma ya kamu, ya koma shuka a buhu ko tsohon bokiti mai huji a ƙasa. A ɗebo ƙasa daga inda ba a taɓa shuka dangin tumatir ba, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, shuka ɗaya a buhu ɗaya.

Farin ƙuda da nannaɗewar ganye

Idan ganyen sama ya ƙanƙance, ya nannaɗe sama kamar cokali, gefensa ya yi rawaya, shuka kuma ta daina tsawo, cutar da ake taƙaita sunanta da TYLCV ce. Farin ƙuda, mouche blanche, shi ke ɗauke ta daga shuka zuwa shuka. Idan aka girgiza ganye za a ga ƙananan fararen ƙwari sun tashi. Cutar ta fi tsanani da rani, kuma shukar da ta kamu tun tana ƙarama da wuya ta ba da komai.

Kariya tana farawa ne daga wurin reno. A rufe yafin iri da gidan sauro mara huji tun daga tsiro har ranar dashe. Kada a sayi dashe a kasuwa in an ga ganyensa ya fara nannaɗewa. A cire waɗanda suka kamu da wuri, kada a yi sabon yafi kusa da tsohon tumatir da aka gama tsinka.

Da hunturu da bazara akwai kuma jan gizo-gizo, acarien rouge, ƙanana ƙwarai a bayan ganye, masu sa ganye ya yi fari-fari da ɗan yana. Ƙura da fari ke ƙara su, kuma yawan feshin maganin ƙwari na gama-gari kan kashe abokan gabansu su ƙara yawa.

Tsutsar sharon

Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon, da Faransanci kuma mineuse de la tomate, asalinta daga Kudancin Amurka ne. An gan ta a Sifaniya a 2006, ta bi ta arewacin Afirka ta iso yammacin nahiyar cikin 'yan shekaru. A watan Mayun 2016 jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir saboda ita, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Kano kuma ta tsaya saboda rashin kaya. An tabbatar da ita a Burkina Faso a 2016, a Ghana kuma a 2017.

Uwar wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai fuka-fuki da ke yawo da dare, kuma mace ɗaya kan iya yin ƙwai har 260. Tsutsar tana shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikin, ta bar farin tabo mai faɗi kamar takarda, da baƙin kashi a ciki. Tana huda kara da 'ya'ya, musamman ta ƙarƙashin hular ɗan. A lokacin zafi, kusan wata guda ya ishe ta ta zagayo daga ƙwai zuwa uwa, shi ya sa lambu ke ƙonewa cikin makonni.

A nan mai ƙaramin lambu ya fi mai babbar gona sa'a, domin zai iya duba kowace shuka. A leƙa ganye sau biyu a mako, a tsinke wanda ke da tabo, a ɗaure cikin leda a ajiye a rana, ko a binne da zurfi. Kwano mai ruwa da ɗan sabulu a ƙarƙashin fitila da dare yana kama uwayen. Bayan an gama tsinka, a tumɓuke komai a ƙone.

Ruwan darbejiya, wato dogon yaro ko bedi, yana rage ta tare da farin ƙuda idan aka fara da wuri. A daka busassun 'ya'ya kimanin giram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, sau ɗaya a mako. Akwai kuma magungunan da aka yi da Bacillus thuringiensis, waɗanda ke kashe tsutsa ba tare da cutar da mutum ba.

Kafin a sayi maganin feshi

Sharon ta shahara da saurin sabawa da magani, don haka maimaita iri ɗaya asarar kuɗi ce. Wanda zai saya ya tabbatar maganin yana da rajista: a Ghana hukumar kare muhalli ta EPA ce ke yi, a ƙasashen ƙungiyar CILSS kuma akwai Comité Sahélien des Pesticides. Maganin auduga da ke yawo a kasuwannin kan iyaka ba na kayan miya ba ne. A karanta adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, a kiyaye. Kada a sayi wanda aka ɗura a kwalbar lemo ba takarda, kada kuma a ajiye shi inda yara ke kaiwa, domin lambun gida tsakar gida ne.

Zaɓen iri

Pectomech da Tropimech da Roma VF da UC82 su ne aka fi samu a shaguna. Suna da tauri, suna jure tafiya, kuma sun fi yi a sanyin hunturu. Don damina ko ƙasar da ke da cutar yanƙwanewa, akwai irin haɗi kamar Mongal F1 da Cobra F1 da Padma F1. A Nijar an san Icrixina, wanda cibiyar ICRISAT ta yaɗa don noman damina. Ƙananan tumatirin gargajiya masu tsami, waɗanda kan fito da kansu a bola, sau da yawa sun fi manya jure zafi da ruwa, kuma don miyar gida sun wadatar. Hikima ita ce a haɗa iri 2 ko 3, a kuma raba yafi kashi biyu da tazarar makonni 3, don kada matsala ɗaya ta kwashe duka.

Duk irin da ke da F1 a jikin takardarsa, 'ya'yansa ba sa maimaita halin uwa. Haka ma tumatirin da aka matse daga kwandon kasuwa, ba a san asalinsa ba. Mai son ajiye iri ya zaɓi nunannun 'ya'ya daga shuka mai lafiya wadda ba F1 ba, ya matse cikin kofi ya bari kwana 2 zuwa 3 ya yi tsami, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya ajiye a kwalba mai murfi.

Idan kakar ta riga ta lalace

Ba kowace shuka ce ta cancanci ci gaba da shan ruwa ba. Wadda zafi kawai ya hana ɗaurewa tana iya dawowa idan yanayi ya sassauta. Wadda ta yanƙwane ko ta nannaɗe ba za ta dawo ba, cire ta ya fi. A fangalen da aka share, alayyahu da ake kira alefu a Ghana da rama da yakuwa da ayoyo suna ba da ganye cikin makonni 4 zuwa 6, kuma sun fi tumatir jure zafi. Tuwon zafi da miyar ayoyo ko ta kuka ba ya buƙatar kwandon tumatir.

'Ya'yan da suka fara sauya launi ana iya tsinke su su ƙarasa nuna a inuwa, kafin tsutsa ko tsagewa ta riga. Don ajiya na kwanaki akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin makaranta Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ta fi aiki a busasshiyar iskar Bawku da Yendi fiye da laimar Krachi. Don ajiya na watanni kuwa sai kauɗa: a yanka, a barbaɗa ɗan gishiri, a shanya a kan gado ko tabarma mai tsabta sama da ƙasa, a rufe da gidan sauro. Wanda lambunsa ya ƙi ma zai iya saye lokacin araha ya busar.

Dalilin da ya sa lambun gida ke da daraja

Ghana ba ta noma tumatirin da ya ishe ta. Da rani manyan motoci ke ɗauko shi daga Burkina Faso zuwa kasuwannin Kumasi da Accra, duk da madatsun Tono da Vea da ke Upper East, masana'antar Pwalugu kuma ta daɗe ba ta aiki. Matsalar tsaro a arewacin Burkina Faso da rikicin Bawku suna ƙara wa hanya wahala. A ƙarshen 2024 Burkina Faso ta buɗe masana'antun sarrafa tumatir a Bobo-Dioulasso da Yako, waɗanda ke neman kaya daga gonakin da 'yan kasuwar Ghana ke saye. Duk abin da ya taɓa wannan hanya, a tukunyar miya ake jin sa.

Kiran a koma lambun bayan gida ba sabo ba ne a ƙasar. Gwamnatin Acheampong ta yi shi a 1972 da shirin Operation Feed Yourself, shirin Feed Ghana da aka ƙaddamar a Techiman a Afrilun 2025 ma ya sake ɗauko shi.

Mai neman taimako a Ghana ya je ofishin aikin gona na gundumarsa. Cibiyar bincike ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale tana da reshe a Manga, kusa da Bawku. A Nijar, ƙungiyar RECA tana fitar da bayanan kayan lambu da Faransanci, da saƙonnin murya da Hausa. Idan za a je, a tafi da shukar gaba ɗaya har da saiwarta cikin leda, tare da ranar da aka yafa iri da ranar dashe da sunan irin. Da waɗannan malamin gona zai iya faɗin ko lokaci ne aka kuskure, ko ƙasa ce ta kamu, ko ƙwaro ne ya shigo.